Nat King Cole: Sarkin da Aka Karɓi Muryarsa, Aka Ƙi Fuskarsa

Daren Talata ne, 10 ga Afrilun 1956. Babban zauren taro na birnin Birmingham da ke jihar Alabama a kudancin Amurka ya cika maƙil da mutane wajen 4,000, kuma dukkansu fararen fata ne, domin dokar garin ta hana fari da baƙi zama wuri ɗaya su kalli wasa. An ware wa baƙaƙen fata nasu lokacin daban. A kan dandamali akwai wani dogon mutum baƙi, sanye da kwat mai ƙyalli, gashinsa a kwance luf, yana rera waƙa a hankali kamar mai lallashin jariri. A bayansa kuma makaɗan Ted Heath ne, waɗanda suka zo daga Ingila.

Wasa bai yi nisa ba sai aka ji hayaniya daga baya. Wasu ƙarti suka keto tsakanin kujeru a guje, suka haye dandamali, suka yi masa rubdugu har ya faɗi, ya bugu a baya. 'Yan sanda suka yi caa a kansu. An kama mutum 6, kuma an gano cewa maharan 'yan wata ƙungiya ce ta masu rajin fifita farar fata. Da ƙura ta lafa, mawaƙin ya dawo gaban jama'a, suka miƙe tsaye suna ta tafa masa. Ya ce musu shi dai ya zo ne ya nishaɗantar da su, kuma a wannan jihar aka haife shi. Daga nan ya nemi uzuri ya tafi ganin likita.

Wannan mutumin shi ne Nat King Cole. A lokacin da wuya ka shiga gidan Ba'amurke mai garmaho ka rasa faifansa. Da muryarsa samari ke neman aure, da ita ake rawar daren biki, da ita ake raya daren Kirsimeti. An buɗe wa muryar ƙofar falo da ta ɗakin kwana, mai muryar kuwa a wurare da yawa ko ƙofar gaba ta otal ba a barinsa ya bi. A cikin wannan tsaka-mai-wuya ya yi rayuwarsa ta shekara 45.

Ɗan fasto mai laɓe a bayan kulob

An haife shi ranar 17 ga Maris, 1919 a Montgomery, babban birnin Alabama, aka raɗa masa suna Nathaniel Adams Coles. Mahaifinsa Edward Coles faston cocin Baftis ne, mahaifiyarsa Perlina kuma ita ke kula da mawaƙan cocin. Yana ɗan shekara 4 iyalin suka tattara komatsansu suka koma Chicago, suka bi sahun ɗimbin baƙaƙen fata da ke gudun ƙuncin kudu suna neman aiki da sararawa a biranen arewa.

A gwiwar mahaifiyarsa ya fara taɓa kayan kiɗa. Kafin ya balaga shi ke kaɗa wa cocin mahaifinsa ogan ranar Lahadi, kuma yana ɗan shekara 12 aka sa shi karatun piyano na ƙa'ida. Sai dai unguwarsu ta kudancin Chicago a wancan zamani cibiyar kiɗan jaz ce. Da dare yaron kan sulale daga gida, ya je ya raɓe a bayan kulob-kulob yana sauraron abin da manya ke yi a ciki. Wanda ya fi tafiya da hankalinsa shi ne Earl Hines, gwanin piyano da hannunsa na dama ke fitar da sauti tsaf-tsaf kamar ana busa kakaki. Daga wurinsa Nat ya sha nono a sana'a.

Gidan nasu gidan kiɗa ne: wansa Eddie da ƙannensa Ike da Freddy duk a harkar suka ƙare. Nat ya bar makaranta tun bai kammala sakandare ba, kuma a 1936 ya shiga ɗakin naɗar sauti a karon farko tare da ƙungiyar Eddie. Bayan haka ya bi ayarin wani wasan dandamali mai suna Shuffle Along yana kaɗa musu piyano. A cikin ayarin akwai wata mai rawa, Nadine Robinson, wadda ya aura a 1937. Da suka isa California wasan ya rushe, kowa ya kama gabansa. Ga saurayi ɗan shekara 18 da amarya, a garin da bai san kowa ba, aljihu wayam. Haka ya riƙa yawo daga wannan mashaya zuwa waccan a Los Angeles, yana kaɗa duk tsohon piyanon da ya samu a kan 'yan kuɗin da za su ci abinci.

Kiɗa ba ganga

A shekarar ta 1937 mai wani kulob da ake kira Swanee Inn ya nemi ya haɗo 'yar ƙaramar ƙungiya. Nat ya samo Oscar Moore mai jita, da Wesley Prince mai kaɗa bas, wato ƙaton gogen nan mai tsawon mutum da ake tsinkar tsirkiyarsa da yatsu. Su uku ke nan, babu mai ganga. A zamanin da ake yayin manyan ƙungiyoyi masu makaɗa goma sha, da kakaki da ganguna masu girgiza zaure, wannan ya zama abin mamaki, kamar a ce an kira makaɗa gidan biki sun zo ba kalangu. Amma rashin gangar shi ya ba su tambarinsu. Kowane sauti ana jin sa sarai, piyano da jita suna miƙa wa juna magana kamar abokai biyu a dandali, bas kuma yana riƙe da taku a ƙasa.

A nan sunansa ya sauya. Aka yar da harafin ƙarshe na Coles, aka maƙala masa laƙabin King, wato sarki, daga wata tsohuwar waƙar yara ta Ingilishi da ke maganar wani sarki mai suna Cole. Ƙungiyar ta zama King Cole Trio.

Har zuwa wannan lokaci makaɗi ne kafin komai. Yakan ɗan jefa waƙa tsakanin kiɗa da kiɗa don kada mutane su gaji. Akwai labarin da ya yi ta yawo cewa wani mashayi ne ya matsa masa lamba wata rana sai ya rera Sweet Lorraine, daga nan aka gano yana da murya. Shi da kansa ya nuna cewa labarin ƙari ne, ya dai bar shi yana yawo ne saboda yana da daɗin ji. Abin da ke tabbas shi ne sun naɗi waƙar a 1940 a kamfanin Decca, kuma ita ta fara sa a waiwayo shi a matsayin mawaƙi.

Masana jaz har gobe suna lissafa shi cikin manyan gwanayen piyano na zamaninsa. Ya yi faifai da Lester Young mai busa saksafon, ya kuma kaɗa a taron farko na Jazz at the Philharmonic a 1944. Tsarin nan nasa na piyano da jita da bas shi Oscar Peterson ya ɗauka daga baya, kuma Ray Charles a farkon fitowarsa kwaikwayon Nat yake yi tsagwaronsa, tun daga kiɗa har murya.

Ungulu da biri

A 1942 aka kafa wani ƙaramin kamfanin faifai a Los Angeles mai suna Capitol, cikin waɗanda suka kafa shi har da marubucin waƙoƙi Johnny Mercer. Shekara guda bayan haka suka ɗauki King Cole Trio. Waƙar da ta buɗe musu hanya, Straighten Up and Fly Right, daga mumbarin mahaifinsa Nat ya ɗauko ta. Tatsuniya ce ta baƙaƙen kudu da faston kan kawo a wa'azi: ungulu ta ɗauki biri a bayanta wai za ta kai shi yawo sama, alhali niyyarta ta sako shi ƙasa ta yi kalaci da shi. Biri ya gane dawar garin, ya shaƙe wuyanta tamau, ya ce sai ta miƙe hanya. Duk wanda ya tashi da labaran gizo da ƙoƙi zai gane irin wannan hikima ta mai ƙaramin ƙarfi. Faifan ya sayu fiye da kwafi 500,000. Sai dai tun kafin nan, lokacin da yunwa ke cizo, Nat ya riga ya sayar da haƙƙin mallakar waƙar a kan dala 50 kacal, don haka wani ne ya kwashi romon rubutun.

Don a gane abin da ya sa muryarsa ta yi tasiri haka, sai an dubi na'urar da ke gabansa. Mawaƙin da ya tashi a fili, irin su Mamman Shata a tsakiyar taron biki da kalangai suna tashi, dole ya buɗe maƙogwaro don na can baya ya ji. Haka mawaƙan Turai da Amurka suke kafin 1925, lokacin da aka fara naɗar sauti da lantarki. Da makirufo ya zo, sai ya zamana mutum zai iya matsowa dab da shi ya yi waƙa ƙasa-ƙasa, rediyo ya kai ta har cikin ɗakin mai sauraro kamar ana yi masa raɗa a kunne. Bing Crosby ya fara cin moriyar wannan salo sosai, Frank Sinatra ya biyo baya. Nat ya shigo da nasa: murya mai ɗan kauri da ɗan dishi-dishi, ga laushi kamar auduga, ga fitar da kowane harafi daram. Ba ya ihu, ba ya jan murya don burgewa. Kunnen makaɗi gare shi, don haka ya san inda zai jinkirta kalma da inda zai sake ta. A farkon zamaninsa yakan zauna a karkace, hannuwa na kan piyano, fuska na kallon jama'a yana murmushi, kamar yatsun na wani ne daban.

Ranar da ya tashi daga kujerar piyano

Shekarar 1946 ta zo masa da alheri. A cikinta ya fitar da Route 66, da For Sentimental Reasons, da kuma The Christmas Song wadda Mel Tormé da Bob Wells suka rubuta. Wannan ta ƙarshen ya naɗe ta da 'yan ukunsa, sannan ya nace a sake naɗar ta da masu goge irin na Turawa. Daga ranar alƙiblarsa ta fara juyawa.

A 1947 wani baƙon mutum mai dogon gashi da gemu, mai kwana a fili yana cin 'ya'yan itace, ya je bayan wani gidan wasa a Los Angeles ya bar takardar waƙa a ba Nat. Sunansa eden ahbez, haka yake rubuta shi da ƙananan haruffa. Waƙar ita ce Nature Boy, kuma da ta fito a 1948 ta yi makonni tana kan gaba a duk faɗin Amurka. Sai Mona Lisa a 1950, wadda wani matashi mai suna Nelson Riddle ya tsara kiɗanta, ta kuma ci kyautar Oscar ta waƙar fim. A 1951 aka samu Too Young da Unforgettable. Zuwa lokacin Oscar Moore ya daɗe da barin ƙungiyar, sunan King Cole Trio ya ɓace daga kan faya-fayai, Nat kuma ya koma tsayuwa a gaban makirufo, taron makaɗa na bayansa.

Masoya jaz ba su yafe masa ba. Suka ce ya sayar da baiwarsa, ya bar kiɗan gwanaye ya koma waƙoƙin soyayya masu zaƙin alewa don kuɗin Turawa. Amsar da ya ba su gajeriya ce: masu sharhi ba sa sayen faifai, kyauta ake ba su. Mutumin da ya taɓa sayar da waƙarsa dala 50 don ya biya kuɗin haya ya san abin da yake faɗa. Duk da haka bai saki piyano gaba ɗaya ba. A 1956 ya tara tsofaffin abokan sana'a suka naɗi kundin After Midnight, wanda ya nuna yatsun nan ba su manta komai ba.

Kuɗin da ya shigo wa Capitol ya kai matsayin da, lokacin da kamfanin ya kammala dogon gininsa mai siffar da'ira, hawa 13, a Hollywood a 1956, mutane suka riƙa kiransa gidan da Nat ya gina.

Maƙwabcin da ba a so

Gidan da ya saya don kansa kuwa, wannan wani labari ne. Aurensa da Nadine ya mutu, kuma ranar 28 ga Maris, 1948 ya auri Maria Hawkins Ellington, mawaƙiya da ta taɓa aiki da ƙungiyar Duke Ellington, ko da yake sunan nata na mijinta na fari ne da ya rasu, ba dangantaka da Duke. An ɗaura auren a cocin Abyssinian da ke Harlem, kuma Adam Clayton Powell, fasto kuma ɗan majalisar wakilai, shi ya jagoranta.

A shekarar suka sayi wani katafaren gida a Hancock Park, unguwar attajiran Los Angeles wadda babu baƙar fata ko ɗaya a cikinta sai masu aikatau. Gidajen irin waɗannan unguwanni suna da sharaɗi a rubuce cewa ba za a sayar wa baƙi ba, amma a watan Mayun shekarar Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa kotu ba za ta tilasta bin irin wannan sharaɗi ba. Da doka ta kuɓuce musu, ƙungiyar masu gidajen unguwar ta nemi ta saye gidan daga hannunsa da riba. Ya ƙi. Suka ce masa ba sa son mutanen banza su shigo musu unguwa. Nat, cikin sanyin murya, ya ce shi ma ba ya so, kuma in ya ga wani mutumin banza ya shigo, shi zai fara kai ƙara.

Abin bai tsaya a baki ba. An ƙona kalmar zagi a kan ciyawar ƙofar gidan, an sa wa karensu guba. A 1951 jami'an haraji suka zo suka yi wa gidan alamar kamu saboda bashin harajin da ya taru masa, sai da aka yi yarjejeniyar biya a hankali. Duk da haka bai tashi ba. A gidan suka rene 'ya'yansu biyar: Carole da Kelly da suka ɗauka riƙo, da Natalie da aka haifa a 1950, da tagwaye Casey da Timolin da suka zo a 1961. Yana mai gidan har ya koma ga Mahaliccinsa.

Gaba kura, baya sayaki

Harin Birmingham ya faɗo ne a lokacin da kudu ke tafasa. Shekara biyu kafin nan Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantu bisa launin fata, kuma a daidai wannan lokaci baƙaƙen Montgomery, garin haihuwarsa, sun shiga wata na biyar suna ƙaurace wa motocin bas ƙarƙashin jagorancin Martin Luther King. Jama'a na tafiya aiki a ƙasa, ana jefa wa gidajen shugabanninsu bam.

A cikin wannan yanayi 'yan jarida suka tare Nat, sai ya ce shi bai gane dalilin harin ba, tunda bai taɓa shiga zanga-zanga ba, shi mai nishaɗantarwa ne ba ɗan siyasa ba. Maganar ta yi wa 'yan uwansa ciwo fiye da yadda ya zata. Jaridun baƙar fata suka yi masa ca: me ya kai shi yin wasa a zauren da aka hana danginsa shiga? Wasu mashayu a Harlem suka cire faya-fayansa daga akwatunan kiɗansu. An ruwaito Thurgood Marshall, babban lauyan ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP, yana yi masa shaguɓen da ke nufin ya zama ɗan amshin Shatan Turawa. Farare sun kai shi ƙasa don baƙi ne, baƙaƙe kuma sun juya masa baya don a ganinsu baƙin nasa bai isa ba.

Zargin yana da tushe, amma bai kama gaskiya duka ba. Mutumin nan ya kai otal-otal ƙara kotu saboda sun hana shi ɗaki, ya sha ba ƙungiyoyin fafutuka gudummawa, ga kuma zaman daram da ya yi a Hancock Park. Hanyarsa ita ce ya shiga inda aka ce ba a shiga, ya yi abin da ya kawo shi da ƙwarewar da ba mai iya kushewa, ya fita da mutuncinsa. Hausawa na cewa shiru ba tsoro ba ne, gudun magana ne. Sai dai 1956 shekara ce da gudun magana ya daina wadatarwa, kuma shi ma ya fahimci haka. Bai daɗe ba ya biya dala 500 ya zama ɗan NAACP na har abada, daga baya kuma ya riƙa tara wa fafutukar kuɗi a fili.

Wata 13 a talabijin

Ranar 5 ga Nuwamba, 1956, wata bakwai bayan harin, gidan talabijin na NBC ya fara nuna The Nat King Cole Show. Kafin shi an samu irin su Hazel Scott da ta yi ɗan gajeren shiri a 1950, amma wannan ne karon farko da baƙar fata mai irin wannan girman suna ya zama mai masaukin baƙi a shirin da ake kallo a faɗin ƙasa. Da farko minti 15 ne, daga baya aka mai da shi 30. Babu wasan bawa, babu na kuku ko direba, irin rawar da aka saba ba baƙar fata a allo. Mutum ne cikin shiga ta alfarma, a wurinsa, yana karɓar baƙi.

Manyan taurari suka yi masa kara. Ella Fitzgerald, Harry Belafonte, Sammy Davis Jr., Peggy Lee, Tony Bennett da Mel Tormé duk sun zo, kuma sun karɓi mafi ƙarancin ladan da ƙa'idar sana'a ta yarda, alhali kuɗinsu na gaske ya ninka haka sau da yawa. Masu kallo sun ƙaru, masu sharhi sun yaba. Abu ɗaya ya gagara: babu babban kamfani ko ɗaya da ya yarda ya ɗauki nauyin shirin a matakin ƙasa. Tsoronsu shi ne fararen kudu su ƙaurace wa kayansu in aka ga tambarinsu kusa da baƙar fuska. An samu 'yan masu talla na yanki-yanki, irin kamfanin Rheingold a New York, amma hakan bai rufe ɓaraka ba. NBC ta yi ta cike giɓin daga aljihunta, shi ma Nat yana sadaukar da nasa.

Da aka nemi a mai da shirin wani lokaci mara armashi, sai ya zaɓi ya rufe shi da hannunsa. An nuna na ƙarshe ranar 17 ga Disamba, 1957. Bai ɗora laifin a kan masu kallo ko gidan talabijin ba. Ya nuna yatsa kai tsaye ga Madison Avenue, titin da manyan kamfanonin talla suke a New York a lokacin, ya ce tsoron duhu suke yi. Mutumin da aka zarga da rufe baki, a wannan karon ya faɗi maganar da har yau ake maimaitawa, ya kuma bayyana dalilansa dalla-dalla a mujallar Ebony a farkon 1958.

Murya ta ƙetare teku

Ƙofar da ta rufe a gida ta buɗe a waje. A 1958 ya fitar da Cole Español, kundin waƙoƙi da harshen Sifaniyanci wanda aka yi wani ɓangare na aikinsa a Havana ta ƙasar Kyuba. Ba ya jin harshen, haddace lafazin ya yi kalma bayan kalma, kuma karin harshensa na Ba'amurke ya fito ƙuru-ƙuru. Maimakon a yi masa dariya, sai mutanen Latin Amurka suka ƙaunaci hakan. Ya ƙara wasu kundaye biyu, ɗaya an naɗe shi a Birazil a 1959. Ya zagaya Turai da Japan, ya yi wasa a gaban Sarauniyar Ingila a 1960, ya kuma rera waƙa a bikin rantsar da Shugaba John Kennedy a 1961. A fim ma ya taɓa, inda ya fito a matsayin W. C. Handy a St. Louis Blues na 1958.

Kiɗan rok ya zo ya share mawaƙa da dama na tsararsa, shi kuwa ya ci gaba da numfashi. Ramblin' Rose ta yi kasuwa sosai a 1962, wata waƙar bazara mai raha ta biyo baya a 1963.

Amma akwai abokin tafiyar da bai taɓa rabuwa da shi ba, wato taba sigari. Yakan sha kwali uku a rana, kuma ya yi imani hayaƙin ne ke ba muryarsa wannan kauri da ake so. A ƙarshen 1964 ya fara ramewa, ga ciwon baya mai tsanani. A farkon Disamba, yana San Francisco, ya daure ya shiga ɗakin naɗar sauti ya kammala kundin L-O-V-E, wanda ya zama na ƙarshe. Kwanaki kaɗan bayan haka aka kwantar da shi a asibitin St. John da ke Santa Monica da sankarar huhu. A watan Janairu aka cire masa huhun hagu. Mahaifinsa ya rasu ranar 1 ga Fabrairu, shi kuma ya bi shi ranar 15 ga Fabrairu, 1965, saura wata guda ya cika 46. Fim ɗinsa na ƙarshe, Cat Ballou, bayan rasuwarsa ya fito.

Bai ga ƙarshen gwagwarmayar da ta rutsa da shi a tsakiya ba. Kwana 38 bayan rasuwarsa dubban masu tattaki daga Selma suka shiga Montgomery, garin da aka binne cibiyarsa, suna neman 'yancin jefa ƙuri'a, kuma a watan Agustan shekarar aka sa hannu a dokar da ta tabbatar da wannan 'yanci.

Kan sarki

Muryar ba ta mutu ba. A 1991 'yarsa Natalie, wadda take da shekara 15 lokacin da ya rasu, ta ɗauko tsohon naɗin Unforgettable, injiniyoyi suka haɗa muryarta da tasa har ya zama kamar uba da 'ya suna tsaye a gaban makirufo ɗaya suna karɓa wa juna. Kundin da waƙar ke ciki ya sayu miliyoyi, ya kwashi manyan kyaututtukan Grammy a shekarar da ta biyo. Matasan da ba a haifa ba lokacin da ya bar duniya suka fara tambayar wane ne wannan mai sanyin murya. Kuma duk Disamba, daga kantunan New York har zuwa gidajen rediyon ƙasashen da bai taɓa takawa ba, waƙarsa ta Kirsimeti kan dawo kamar baƙon shekara.

A 1994 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotonsa a kan tambarin aika wasiƙa na santi 29. Da Hausa, wannan 'yar takarda da ake liƙa wa ambulan sunanta kan sarki. Fuskar da masu talla suka ce za ta kori kasuwa, ita aka riƙa saye da kuɗi ana mannawa a kusurwar wasiƙa, ɗan aike yana kai ta ƙofar gida, a Hancock Park da Birmingham baki ɗaya, ta ƙofar gaba.